Karen da Ya Riga Ni Sani

Ranar Litinin ta farko bayan hutun Babbar Sallah, ina aji huɗu a wata firamare a Deira, can ƙasar Larabawa, aka shigo mana da baƙin kare har cikin aji. Wallahi har da 'yar rigarsa ruwan ɗorawa. Na Lina ne, sabuwar ɗaliba 'yar Afirka ta Kudu mai ciwon farfaɗiya. Malama ta ce an horar da shi ya ji zuwan ciwon tun kafin ya kayar da ita, kuma kada wanda ya taɓa shi. Wa ma zai taɓa? Mu 'yan unguwar Hor Al Anz da ke layin baya muka tattare siket muna ta a'uziyya.

Ba ya haushi, ba ya wasa. Yana kwance ƙarƙashin tebur, na'urar sanyi na ta gurnani, sai kawai ya ɗaga kai ya ƙura wa bayan Lina ido, inda babu kowa, ya saki wani siririn kuka. Lina ta kwanta a tabarmarta, can sai jijjiga ta zo. Kullum kukan ne ke riga faɗuwar, mu kuwa tsigar jikinmu na tashi.

Wata safiya muna lissafi ya miƙe, ya bar Lina, ya ratso kujeru har gabana. Ya ɗora hancinsa mai sanyi a gwiwata, idonsa a bayan kafaɗata, ya yi kukan nan. Na ji wani ƙauri kamar ana babbaka gashi. Malama ta rugo tana cewa, "Yalla, maza kwanta!" Da na farka, ƙeyata na kan cinyarta, ko ƙwarzane babu.

Mama na jin labari ta dafe ƙirji. "Baƙin kare? Ai shi ya kira mata mutanen ɓoye!" Gidanmu na bene ne, babu ƙasar da za a ɗiba, sai da Baba ya ɗebo yashi a wurin gini aka yi wa kayan makarantata wankin najasa. Washegari Mama da Baba suka je makaranta suka ce ko karen ko ni. Aka mayar da ni wani ajin a hawa na sama.

Faɗuwata ta biyu a kan matakala ta same ni, ba wanda ya yi kuka kafin nan. A wurin na bar haƙorana na gaba.

Yanzu ina shan magani, Mama ma ta daina cewa iska ce. Amma har yau ciwon ba ya sallama, ko a kicin ko a tashar jirgin ƙasa. Ina kewar karen nan ƙwarai. Duk rayuwata shi kaɗai ya taɓa sanar da ni in kwanta kafin in faɗi.