Ƙarfen Motar da Ta Kife

Jiya na wuce wani mai gasa masara, ƙaurin gawayinsa ya tsayar da ni. Gawayin ƙirya ne, irin wanda kakana yake ƙira da shi a ƙauyenmu, can gefen Waca.

Kaka maƙeri ne, ɗan maƙeri. Idan na taso daga lakwal, wato makarantar boko, nakan raɓe a bakin rumfarsa, ina sauraron numfashin zuga-zugi da ƙarar masaba. Babu hauyar da ke garin nan da ba ta bi ta hannunsa ba. Mai ƙuna ma wurinsa ake kai shi ya tofa masa, don an ce wuta tana jin maganar maƙera.

Wata shekara motar haya ta kife a kan hanyar kasuwa, mutane suka mutu. Gangar motar ta yi rani guda a nan, ko yara ba sa zuwa kusa. A wurinmu an yarda cewa ƙarfen da ya sha jini ba ya ƙoshi. Amma ƙarfe ya yi wuya a shekarar, ga damina ta matso, ga maƙwabcinmu yana ta zarya a kan garmar shanunsa. Sai Kaka ya je da rana tsaka ya ɓalle ƙarfe ɗaya daga ƙarƙashin motar. Kakata ta tare shi a ƙofa.

"Malam, da wannan za ka shigo mana gida?"

"Abin da ya shiga wuta ya fito, ai ya yi wanka," in ji shi.

Garmar da ya ƙera da ƙarfen ta yi kyau. Ranar da aka fara huɗa, ƙasa tana ƙamshin ruwa, ɗaya daga cikin shanun maƙwabcin ya durƙusa a tsakiyar kunya, bai sake tashi ba. Ka sani, mai karatu, ina ganin wannan sa kullum a bazarar: haƙarƙarinsa a waje, yana tauna tsumma don yunwa. Kowa ya gan shi. Amma da maƙwabcin ya jefar da garmar a bakin rumfa, ba yunwa ya ambata ba.

"Baba, ni ka zaɓa ka ciyar da ƙarfenka?"

Daga wannan damina aka daina kawo wa Kaka gyara. Kowace safiya yakan hura wuta, ya zauna, har gawayin ya zama toka. Wata uwa ta bi ta gabansa da ɗanta da ya ƙone, ta kau da kai. Bayan wannan ne ya naɗe zuga-zuginsa, bai ƙara kwance shi ba har ya rasu.

Yanzu mutanen garinmu a kasuwar Sassumbrum suke sayen garma. Na tambayi wani mai sayarwa inda ake samo ƙarfen, ya yi dariya ya ce daga matattun motoci mana, daga ina kuma? Jikokin maƙwabcinmu suna tsaye a wurin, farashi kawai suka tambaya.