Amanar Faya-fayan Yaya Ari

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana Malam Abdulƙadir, wanda duk Ƙofar Mazugal ta fi sani da Ari Mai Rediyo, bayan jinyar ƙoda ta wata biyu. Ya rasu yana da shekara sittin da bakwai, ya bar matarsa Hajiya Kaltume da 'ya ɗaya tilo, Bahijja. Ni ƙaninsa Mikail, ni aka tura gaba na ja sallar gawarsa a ƙofar gida bayan azahar. Mutane sun ce muryata ta yi rawa saboda baƙin ciki. Baƙin ciki kam akwai shi, amma wallahi kunya ta fi yawa, domin na ci amanar mutumin da ke kwance a gabana, kuma ban iya buɗe baki na gaya masa ba har ya tafi.

Yaya, bari in fara da alherinka kafin in zo kan laifina.

Gidanmu gidan allo ne tun zuwan kakanninmu daga Barno. Kai kaɗai ka fita daban. Bayan ka sauke Alƙur'ani ka yi boko, aka tura ka Ingila a 1981 koyon injinan masaƙa. Shekara biyar ka yi a wani gari mai sanyi da hayaƙi, ka dawo da takardar shaida da akwatin ƙarfe guda. 'Yan'uwa suka taru suna jiran tsaraba. Da aka buɗe sai ga faya-fayan garmaho cike fal, bangonsu duk baƙi da toka-toka, wasu da hoton makabarta, wasu da fuskokin Turawa da suka rambaɗa kwalli. Inna ta leƙa ta ce, "To, Ari, ko turmin atamfa ɗaya bai samu wuri ba?" Ka yi dariya har da hawaye, sannan ka fito mata da nata daga jakar hannu.

Na daɗe ban gane me kake ji a kiɗan nan na Turawa da ake kira rok ba. A kunnena jita ce ke kuka, ganga na duka kamar ana sussuka, mawaƙi kuma na gunaguni kamar wanda aka tayar daga barci. Kai kuwa ka jera su a kanta kashi uku. Akwai na samarin da suka ƙi bin manyan kamfanoni suka buga abinsu da kansu. Akwai na masu baƙaƙen kaya, 'yan gotik, waɗanda ba su da zance sai mutuwa da kaɗaici. Akwai na masu kiɗa da na'ura, da suka sa inji a gurbin makaɗi. A saman kantar kuma ka ware guda goma sha huɗu da kake kira uwaye, don a cewarka kowannensu ya haifi wasu ɗari. Yadda mahaifinmu ke jero salsalar malamansa, wane ya ɗauka a wurin wane, haka kake jero tasu: wannan faifan ya fito, yaran wani gari suka ji suka kwaikwayi dukan gangarsa, su kuma suka haifi wancan. Kana rubuta wannan duka da ajami a cikin bangon kowane faifai. Ina tsokanarka da Shehun Garmaho, kana cewa ai kowane ilmi da ladabinsa.

Lokacin da masaƙar da kake aiki ta rufe, ka buɗe rumfar gyaran rediyo a Ƙofar Wambai ba tare da ka yi wa kowa ƙorafi ba. Sau ɗaya kawai ka taɓa zancen. Ka ce min yawancin uwayen nan a garuruwan da masana'antu ke mutuwa aka yi su, yaran da iyayensu suka wayi gari ba aiki ne suka buga su, kuma sai yanzu ka ji su da kyau. Daga nan ka ci gaba da hura dalma.

Unguwa ta shaide ka. Shekara talatin kai ke gyara lasifikar masallacinmu, ko ruwa ake yi sai ka hau tsani. Tsofaffin mata su aiko da rediyonsu a ɗaure cikin ɗankwali, ka gyara ka sa sabon batir ka mayar da kanka, ka tsaya a zaure a gaisa. Ba wanda ya taɓa jin kiɗanka ya tsallaka katanga. Ladan na yin gyaran murya kake ɗage allura, ko da tsakiyar waƙar da ka fi so ce. Malamai sun yi maka magana a kan kiɗan, ba ka taɓa musu da su ba. Kakan sunkuyar da kai ka ce, "Allah ya shirye mu, Malam," kuma da gaske kake faɗa.

Abin da ba zan manta ba shi ne shekarar da ɗana Umair ya rasu. Kwana bakwai ina zaune a tabarma ana cewa in yi haƙuri, ina amsawa, idona a bushe, ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa. Ran na takwas da la'asar sakaliya ka ja hannuna zuwa ɗakinka, ka rufe ƙofa, ka ɗauko ɗaya daga cikin uwayen, mai bango ruwan toka da hoton kujera ba kowa a kanta. Ba ka fassara min kalma ko ɗaya ba. Wani mutum ne can a wata duniya yake rera abin da na kasa faɗa, a hankali, da murya mai nauyi. Na yi kukan da ban yi ba a makabarta, kai kuma ka juya min baya kana goge wata rediyo don kada in ji kunya. Saboda haka ba zan ce ban san darajar kayan nan ba. Na sani sarai.

Yanzu ga laifina. Ni mutum ne mai tsoron bakin mutane, ka san hali. Bara aka naɗa ni na'ibin masallacin unguwa, tun daga nan na zama mai auna kowane taku. Da ciwonka ya tsananta a farkon Afrilu, masu dubiya suka fara tururuwa: liman, malaman gidanmu, dattawan Barebari daga unguwanni. A ɗakinka ake shigar da su, kantar nan kuma tana kallon kowa. Na ga wani dattijo ya ɗaga ido ya dubi hoton makabartar Turawa, ya dube ni, ya kau da kai. Ni kuwa da wannan kallon na kwana a raina. Na ce wa raina ai al'ada ce a kawar da hotuna da kayan kiɗa daga ɗakin majinyaci, don amfaninka nake yi. Ƙarya nake wa kaina. Rawanina nake karewa.

Ranar da aka kai ka wankin ƙoda, na shiga da buhunan shinkafa huɗu. Na ce wa Hajiya Kaltume zan adana, ita kuma ta yarda da ni. Cikin gaggawa na zuba su a kwance, wani kan wani, na ɗaure baki, na hau da su ɗakin shirgi da ke saman gidana, mai rufin kwano ba silin, na ɗora tsohon keken ɗinki a kai don kada ɓera ya shiga. A watan Afrilu, a Kano! Wanda ya san zafin ɗakin kwano da rana tsaka ya san abin da na aikata.

Da ka dawo ka ga kanta wayam, ba ka yi faɗa ba. Ka daɗe kana dubanta, sannan ka ce, "Mikail, a tsaye ka jera su? Ba sa son kwanciya, ba sa son zafi." Na ce, "A tsaye suke, Yaya, a wuri mai sanyi." Ka ce, "Madalla. Na Bahijja ne, na ba ta tun ina da lafiya. Ka riƙe mata amana." Na amsa da to. Na yi niyyar hawa in gyara su a ranar, sai aka kira sallah, sai baƙi, sai gobe, sai jibi. Sati biyar ban taka matakalar nan ba.

Kwana uku kafin rasuwarka ka ce in kawo maka mai kujerar nan, kana son ji sau ɗaya. Bahijja, wadda ta taso a gindin garmahonka kuma ita kaɗai ke karanta ajaminka ba gargada, ta ce za ta nemo maka a waya. Ka ce a'a, naka kake so, mai ƙarce a waƙa ta uku. Na hau sama na kwance buhu. Yaya, sun lanƙwashe kamar gurasa. Wasu sun manne da juna, wasu sun tsage ƙarƙashin nauyin keken. Uwayen goma sha huɗu su na fara zubawa, su ne a can ƙasa, ko ɗaya bai tsira ba. Na zauna a cikin zafin nan gumi na zuba, na rasa inda zan sa kaina.

Da na sauko sai na ƙara ƙarya a kan ƙarya. Na ce wuta ta kawo da ƙarfi ta ƙona garmahon. Kai jama'a, dubi wauta! Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran abin da wuta ta ƙona, shi na kawo wa wannan zance. Da ka yarda, da cewa za ka yi a kawo shi ka nuna inda za a taɓa. Ba ka ce ba. Ka dube ni kawai, ka ce, "Ba komai, Mikail. Na haddace shi." Ka rufe ido, yatsanka na bugun gefen katifa a hankali. Ban sake samun ka a farke mu biyu kaɗai ba, ko kuma in faɗi gaskiya, ban nema ba.

Ranar sadakar bakwai Bahijja ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baffa, yaushe zan zo in ɗauki kayan Baba?" Na ce sai an yi arba'in. Tun daga ranar abinci ya daina min daɗi. Ina tsayawa gaban mutane ina karanta ayoyin amana, harshena na nauyi. Na san haƙƙin bawa ba a wanke shi da istigfari kaɗai, sai mai shi ya yafe, ga shi ɗaya mai haƙƙin yana ƙarƙashin ƙasa.

Shekaranjiya na kasa jurewa. Na kira ta gidana, na hau da ita sama, na buɗe buhunan a gabanta, na faɗi komai ban rage ba. Ta tsuguna tana zaro bangon ɗaya bayan ɗaya, tana shafa rubutunka, don shi zafi bai ci shi ba. Ba ta yi kuka ba. Can ta ce, idonta a ƙasa, "Baffa, na sani. Ranar da ka ce garmaho ya ƙone, kana fita Baba ya ce min, 'Kayanki sun lalace, Bahijja. Baffanki tsoro ya ji, ba mugunta ba ce. Kada ki kunyata shi, ki bari ya faɗa da bakinsa. In ya faɗa, ki ce masa na yafe.'"

Yaya, ashe har a gadon mutuwa kai ke rufa min asiri, ni da na kwashe kayanka don kada ka ba ni kunya.

Ya Allah, ga bawanka Abdulƙadir ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya suturta ɗan'uwansa, ka suturta shi ranar da asirai ke tonuwa. Abin da ya yi daidai ka ninka masa, inda ya yi kuskure ka shafe, ka sada shi da iyayenmu a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kaltume, wadda ita ma na yaudare ta, da dangi na nan Kano da na Barno, da abokan sana'arsa na Ƙofar Wambai, da jama'ar Ƙofar Mazugal baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen.

Na rubuta wannan a fili ne don mutanen da na ji tsoron bakinsu su ji daga nawa bakin. Saura mai haƙƙi ta biyu. A ranar, da ta gama tattara bangon ta rungume su a ƙirji, na ce mata, "Ke fa, Bahijja?" Ta tsaya a bakin matakala, ba ta waiwayo ba, ta ce, "Shi ya yafe maka, Baffa. Ni ka ba ni lokaci."

Na ba ta. Duk mai yi wa Yaya Ari addu'a, ya taimaka ya saka ni a ciki, Allah ya sa kada nawa lokacin ya ƙare kafin nata ya yi.