Goron da na kai jami'a

Mun bar Maamobi ana kiran assalatu, ni da jikata wadda na rena tun tana goye. Babbar jami'a a Kumasi ce ta ce ta kawo takardunta a gani da ido kafin a ba ta gurbi. Ita ta rungumi takardu, ni na ƙulle goro a bakin mayafi. A wurinmu ba a kai yaro karatu hannu rabbana. Malam ake samu, a miƙa goro, a ce ga amana.

Ƙaramar motar haya ta trotro ta kai mu tasha, muka hau doguwar mota. A Nsawam na sayi burodi; kuɗinsa ya hau, shi kuwa ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Muka wuce duwatsun Nkawkaw jikata tana latsa waya, ina kallon daji.

Jami'ar nan gari ce guda. Na tambayi ina babban malami, aka yi dariya aka nuna mana wata taga. Matar da ke ciki ta jujjuya takardu, ta ce da harshen Twi, "Maame, wannan ai mutum biyu ne."

Laifina ne. Ranar da na sa yarinyar firamare, sunan marigayi mijina na bayar, don shi ke ciyar da ita. Katin ƙasa kuwa sunan ubanta ke kai.

"Kaka, me kika yi mini?" in ji jikata.

Kwana biyu muka yi wurin dangi a Zongon Kumasi, har aka yi takardar rantsuwa a kotu cewa yarinya ɗaya ce. Ranar da za a rufe ɗaukar ɗalibai aka karɓe ta.

Goro fa? Na miƙa ta taga, aka ce ba a karɓa. Sai wata dattijuwa mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a ƙofar ɗakunan ɗalibai ta sa hannu biyu ta amsa. "Hajiya, je ki gida. Muddin ina wurin nan, ba za ta kwana da yunwa ba."

Ni kaɗai na dawo, jakata a kan cinya, ba wanda zan gutsura wa burodi.

Ku masu neman jami'a, ku baje takardunku tun da sauran lokaci, ku tabbata suna ɗaya ke kansu duka. Wanda bai iya karatu ba irina, ya sa a karanta masa. Ku iyaye kuma, ku shirya wa shirun gida. Har yau gwangwani biyu na shinkafa nake aunawa, sai na zuba a tukunya nake tunawa.