Rakodar Baturiya da Muryar Matar Ladan

Matso nan kusa, jawo tabarmar, don maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Labarin wasu baƙi ne da na taɓa saukewa, har yau ban manta da su ba.

Lokacin da Shari'a ta shigo ne. Da ma tun zamanin tsuke bakin aljihu ba mu ƙara ganin daidai ba, shinkafa sai da salla, nama sai an yi suna. Sai kuma aka ce a daina kiɗa. Makaɗan garinmu Garo suka rataye kalangu, mu ma mata muka kife ƙorenmu na kiɗa, ba wadda ta yi musu.

Ƙanin maigidana malamin makaranta ne a Gwarzo. Rannan sai ga shi yana washe baki, wai an yi musayar malamai da wata ƙasar Turawa, an ba shi mata biyu ya sauke na sati guda, ga ɗakinsa na haya ko akuya ba ta iya juyawa a ciki.

"Yaya, ke ce za ki fitar da ni kunya."

"Kai dai ka iya ɗauko abin da ya fi kanka, malamin boko. Da wane yare zan yi musu sannu?"

"Da ludayi, Yaya."

Ni kuwa Allah ya yi ni da son baƙi. Na bar musu ɗakina, na yanka zakarana, na dafa shinkafar da na ɓoye wa salla. Suka dube ta suka ture, wai abin da muke ci kullum suke so. Gajerar ta bi ni har madafa tana ɗaukar hoton baƙar tukunyata, ta shinshina daddawa ta yatsine fuska. Tuwon dawar da suka nace a kansa, loma uku suka yi suka wanke hannu. Na ce a raina, ashe talaucinmu aka zo kallo.

Doguwar ita ce masifar. Tana da 'yar rakoda a jaka, ba abin da ba ta ɗauka, daga kukan jaki har ƙarar guga. Rana ta huɗu ta ce waƙar mata take so. Na ce a'a. Ƙanin mijina ya tsugunna a ƙofar madafa.

"Cikin gida ne fa, Yaya. Ƙasarsu za ta tafi da shi, wa ya san ki a can?"

"Rantse ba kunnen da zai ji a ƙasar nan."

"Wallahi tallahi."

Ni hannu gare ni, ba murya. Murya tana wajen maƙwabciyata, matar ladanin unguwarmu, aminiyata tun da aka kawo mu aure damina ɗaya. Da na je mata da maganar sai ta dafe ƙirji.

"Ke, rufa min asiri! Malam ne fa a gaba wajen hana kiɗan nan."

"Amana ce, ƙawata. Ba zai tsallake katanga ba, ni na tsaya miki."

Don ni ta zo. Bayan azahar ne, maza sun koma gona. Muka cika babbar ƙwarya da ruwa, muka kifa ƙarama a kai, na kama bugu. Ta fara a ɗarare, can jikinta ya saki. Kin dai san waƙarmu ta mata, abin da baki ba ya iya faɗa wa miji a nan ake zubar da shi. Sai ta ɗauko nata mijin:

"Mai kiran salla da babbar murya,
Mai awon tuwo da ɗan ƙaramin mudu,
Gari ya ji ka, tukunya ba ta ji ka ba."

Muka yi dariya har da hawaye. Baturiya ma tana ta dariya, ba ta san kan zance ba, rakoda kuwa tana ta haɗiya.

Ranar da za su tafi aka yi taron sallama a makarantar Gwarzo. Ƙanin mijina ya gayyaci maigidana, ya gayyaci ladan don ya buɗe taro da addu'a. Maigida ne ya dawo min da labari, ko ruwan da na miƙa masa bai karɓa ba. Wai doguwar ta miƙe ta ce za ta yi godiya da abu mafi daɗi da ta ji a ƙasarmu, ta kanga rakoda a bakin lasifika. Ashe mai rantsuwar nan bai taɓa gaya mata sharaɗin ba, wai mantawa ya yi. Kafin ya taso daga kujera, ɗan ƙaramin mudu ya karaɗe filin makaranta. Ɗalibai suna faɗuwa don dariya, ladan yana zaune a sahun gaba, Baturiya tana tafi.

Maigida ya ce, "Kin ga abin da son baƙinki ya jawo?"

"Maigida, don Allah je ka ce wa ladan muryata ce."

Ya je. Bai daɗe ba ya dawo.

"Ya ce shi za a koya wa muryar gidansa?"

Da ladan ya kira magariba na tsaya da buta a hannu. Mutumin da ke jan kira har sai numfashinsa ya ƙare, ran nan guntulewa ya yi ta yi. Tun daga nan na san ƙawata ta shiga uku.

Ladan bai sake ta ba. Ya tura ta gidansu a Durun har aka gama girbi. Kafin ta dawo ya sa magini ya toshe 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajenmu, wadda muke bi mu ɗebo wuta ko gishiri. Baƙi kuwa tuni sun isa ƙasarsu. Har takarda suka aiko, ƙanin mijina ya zo zai karanta min, wai ɗalibansu suna son waƙar. Na ce ya fice min da ita kafin in sa ta a murhu.

Yanzu ina jin dakanta ta bayan katanga. Na san saukar tabaryarta a cikin dubu, amma ba lugude, ba ko ɗan gunguni na waƙa. Sau ɗaya na daure na ɗaga murya.

"Ƙawata, sannu da aiki."

Tabarya ta tsaya. Can ta ce, "Je ki gai da baƙinki." Ta ci gaba da daka.

In mun haɗu gidan suna sai ta ja tabarmarta gefe. Ga furfura ta fito mana mu duka. To ke in ke ce, za ki zaga ta zaure ki durƙusa mata a gaban mijin da kika sa aka yi wa dariya, ko za ki ci gaba da jira ta huce?