Ranar da Iya Ta Ƙi Dangwala Yatsa

A ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Roni, in sanyi ya shigo, Iya, mahaifiyar babanmu, ba ta barin wutar tuwo ta mutu. Bayan magariba sai ta kwaso garwashin zuwa ƙofar ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ne jikanta namiji na fari, don haka "maigida" take ce mini, tana tsokanata wai tunda ta aure ni ko gishiri ban taɓa kawo mata ba.

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan yi mana. Wuta ce ta mutu a wani gida, uwar gidan na kwance tana rawar ɗari, aka aiki ɗiyarta maƙwabta ta ɗebo. Maƙwabciya ta miƙo mata garwashi a fasasshen kasko. Yarinya ta ce ita ba ta ratsa gari da tsingaro, sai ta samo mazubi na kirki. Ta tafi wurin mai ginin tukwane, aka ce ta jira a gina, ta jira ya bushe, ta jira a gasa. Tana jira tana wata waƙa, wadda Iya ke rerawa da siririyar murya har jikinmu ya yi sanyi. Da ta dawo da sabon kasko mai zane, an riga an yayyafa wa murhun maƙwabciyar ruwa.

"To, maigida," in ji Iya, "kaskon ne zai ɗumama uwarta?"

Na girma, na shiga digiri na uku a wani sashe da ya haɗa tarihi da adabi da nazarin al'adu, wuri guda. Bincikena a kan tatsuniyoyin matan ƙasar Kazaure ne, Iya kuwa ita ce ginshiƙinsa. Ƙa'idar jami'a ita ce duk wanda za a naɗi muryarsa sai ya sa hannu a takardar amincewa, ko ya dangwala yatsa. Na zo gida da takardar da tawada, na zauna gabanta bayan magariba.

Ta dubi tawadar, ta ɓoye hannunta cikin zane.

"Kakanka sau ɗaya ya dangwala, gonarmu ta fadama ta tafi. Tun kana goye nake ba ka tatsuniya kyauta, yau sai da shaida? Kunna abin naka in yi maka, amma ka ɗauke wannan."

Ban kunna ba. Wallahi rikoda na cikin aljihuna, amma na ce mata muryar da ba takarda ba za ta shiga kundina ba, ta bari in nemo izinin karɓar amincewar baki. Ta ce, "To, Allah ya kaimu." Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Izinin ya fito bayan wata huɗu. Na sauka a Kazaure, na hau babur ina murna. Na tarar da ita kwance, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace, maganar ta tafi. Kwana goma ke nan, sun ɓoye mini don kada karatuna ya rikice.

Na yi shekaru ina ɗauka labarin nan na yarinya mai girman kai ne. Ashe mai bin ƙa'ida ma yakan bar uwarsa cikin sanyi, kuma yana ganin daidai yake yi.

Kundin ya fita, ba muryar Iya a ciki. Waƙar ta ɓace mini gaba ɗaya, 'yan'uwana ma kowa da tasa. Yanzu in na je gida ni nake zama kusa da ita in yi mata tatsuniyar, hannunta mai lafiya cikin nawa. In na yi kuskure sai ta matse ni. Wannan da na rubuta muku, da na yi mata ita, sau uku ta matse mini hannu, kuma ban san inda gyaran yake ba.