Malam Gana Mai Inabin Kunci

Malam Gana mutumin wani ƙauye ne a gabashin Kunci. Kakansa ne ya taso daga Barno da fatauci, ya ga wuri ya zauna, amma shi Gana bai gaji komai ba sai 'yar gona mai rijiya a bakin fadama. Yana saurayi ya shekara shida yana ƙwadago a wani lambun inabi wajen Zariya. Da mahaifinsa ya rasu, ya dawo gida da rassan inabi tara a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu.

A yankin nan gero da dawa da gyaɗa kowa ya sani. Da aka ga yana kakkafa sanduna yana ɗaura waya, sai aka ce Gana zai yi shanya a gona. Shekara uku bai tsinki ko ƙwaya ba. Huɗu daga cikin rassan suka bushe, gara ta ci biyu. Ukun da suka rage ya yi ta lallaɓawa, har ya gane sai an datse rassan da zarar damina ta ɗauke, don 'ya'yan su nuna cikin sanyi. Na sanyi sun fi duhun ja, ga zaƙi da ɗan tsami a ƙarshen harshe.

Matarsa Amsa ce ta fara matse su a ƙwarya tana tacewa. Ruwan ya fito jawur, ya fi zoɓo kauri, ana kai wa masu jego da marasa lafiya. Sharaɗin Malam Gana ɗaya ne: a shanye a ranar. Wanda ya kwana biyu ya fara kumfa, da hannunsa yake zubarwa, don ya san abin da yake shirin zama.

Da lambu ya yi albarka, wani dillali mai suna Naziru ya riƙa zuwa daga Kano yana kwashewa. Wata shekara Malam Gana ya shiga birni gaisuwar mutuwa, ya ratsa kasuwar kayan marmari don su gaisa. A rumfar Naziru ya ga inabi cikin 'yan robobi, an manna musu takarda mai ƙyalli. Ya ɗauki ɗaya ya duba. Yankan da ke gindin nonon inabin na hannunsa ne, a karkace kamar yadda ya saba yi.

"Naziru, wannan ba nawa ba ne?"

"Naka ne, Baba."

"To me aka rubuta a jiki?"

Naziru ya sunkuyar da kai. "Sunan wata ƙasar waje ce. Wallahi Baba, in na ce daga Kunci yake, ko ɗanɗanawa ba za su yi ba."

Malam Gana bai ɗaga murya ba. Ya ajiye robar, ya ce Allah ya ba da kasuwa. A motar komawa gida ne baƙin cikin abin ya taso masa.

Daga nan bai ƙara sayar wa dillali ba. 'Yarsa Tahira ta rubuta masa "Inabin Kunci" a jikin kwali, ya riƙa zama bakin titin Dawakin Tofa da faifansa. Masu motoci su karanta, su yi murmushi, su wuce. Shekarar farko rabin amfanin a gida ya lalace, Amsa ta yi kuka, shi kuwa ya ce gara haka. Duk wanda ya tsaya, sai ya miƙa masa ƙwaya biyu ya ce, "Ɗanɗana tukuna."

A hankali aka fara tsayawa. Manoma daga Shanono suka zo neman iri, ya ba su kyauta, ya bi su har gona ya nuna musu. Bai yi arziki ba, idonsa ma ya raunana a ƙarshe.

Ya rasu bara, wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar shuka. Yawancin waɗanda suka yi masa salla daga gona suka taho, da laka a ƙafafunsu.