Zoɓon Juma'a a Gubaira

Ban taɓa haɗa zoɓo ba sai da na zo Riyad. A gida in buɗe firji ne kawai in ɗauka. A nan kuwa ɗakinmu na unguwar Gubaira maza ne zalla: ni ina tuƙa motar kai kaya, wasu suna aikin gini, sai wani dattijo mutumin Maraɗi da muke kira Baba, yana fentin motoci a wata warsha, wato gareji, a unguwar Sulai. Juma'a ce kaɗai ke haɗa mu da rana. In an sauko daga masallaci wani ya dafa shinkafa, wani ya yi miya, ni da ban iya girki ba aka ɗora mini abin sha.

Na sayo zoɓo, wanda suke cewa karkade, da garin citta da kanumfari a baƙala, wato ɗan shagon ƙasan benenmu. Na zuba duka a tukunya, na bar su suna tafasa har na gama wanki. Launi ya yi kyau, tsami ma ya ji. Kowa ya sha abinsa. Baba ya kai kofi hanci, ya ajiye.

"Ɗana, wannan ai jan ruwa ne. Ina ƙamshin?"

Gaskiya ya faɗa. Juma'a ta gaba na ninka kayan, sai ya fito da ɗaci kamar magani. Daga nan na kira yayata a Katsina ta bidiyo, na nuna mata komai.

"Murza kanumfarin nan da farce," in ji ta. "Ya yi maiƙo?"

Na ce a'a, a bushe yake kamar tsinke.

"To ya mutu, Auta. Zafin garinku ya cinye shi tun a shago. Garin cittar ma zubar da shi."

Na je kasuwar Baɗaha wajen masu kayan ƙamshi, na sayo citta mai yatsu da kanumfari sabo, na daka da kaina. Ranar da na dafa, ƙamshi ya cika ɗaki har bakin matakala, amma a kofi babu abin kirki. Na sake kiranta. Dariya ta yi, ta ce wanda nake ji a ɗaki shi ne wanda ya gudu daga tukunyar. Ta ce in sauke zoɓon daga wuta tukuna, sannan in zuba kayan ƙamshi da ɓawon abarba, in rufe ruf, kada in buɗe sai ya huce. Ni kuma na ƙara da nawa: na daina amfani da ruwan famfo na koma na galan, na daina ajiye shi a buɗaɗɗen jug kusa da albasa.

Wannan karon ya yi. Da na kwance murfin gora, wanda ke kwance a kan katifa sai da ya tashi zaune. Aka sha ana santi. Na miƙa wa Baba nasa ina jira.

Ya shinshina, ya kurɓa. "Da sauƙi. Amma har yanzu ba ƙamshi."

Raina bai yi daɗi ba.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga aiki da la'asar, tun daga ƙofa na ji ƙauri. Wake ne ya ƙone ƙurmus a kan wuta, Baba yana zaune ya juya wa tukunyar baya, yana ɗinkin aljihun rigarsa. Na kashe gas, na buɗe taga. Sai na ɗauko kanumfari na murza, na kai masa hanci.

"Baba, me ka ji?"

Ya ja numfashi, ya sake ja. "Ba komai."

Na kawo turarena, na kawo albasa. Ba komai. Ya kalli hannuna.

"Ni na ɗauka ƙasar ce haka. Namansu ba ƙamshi, shayinsu ba ƙamshi. Ashe ni ne."

Ranar hutuna na kai shi asibiti. Likitan ya tambayi aikinsa, da ya ji fenti ne ya gyaɗa kai. Ya ce wataƙila warin fenti da tina, ruwan sirka shi, ne na shekara da shekaru, jin ƙamshin yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa, amma ya nisanci fesawa. Baba ya yi wa mudir, manajan warsharsu, magana, aka ce masa "in sha Allah" har ya gaji, daga baya dai aka mayar da shi wajen wanke motocin da aka gama.

Na lura yana jin tsami da yaji yadda ya kamata, don haka na fara ware masa gorarsa daban. Citta nake cika mata da masoro, har in wani ya kurɓa bisa kuskure sai ya yi tari. Baba kuwa yakan sha a hankali, ya shafa maƙogwaro, ya ce, "Yauwa. Wannan ina jin saukarsa."

Har muka rabu hancinsa bai dawo ba. Da iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare bai nemi a sabunta ba, ya koma Maraɗi. Da damina ta faɗi ya turo mini saƙon murya, ana jin kukan awaki a bayansa. Ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ranar da aka yi ruwan farko ya fita tsakar gida, kamar ya ji ƙamshin ƙasa. Ya ce bai tabbata ba, wataƙila tunawa ya yi.